Tabon Ƙwauri

Tun a gida Goggo ta zura wa yarinyar dogon wando, ga zafi kamar me, don dai kada a ga ƙafafun. Ƙwaurin nan duk ƙujewa ne da baƙin tabo, gwiwar hagu har da ɓawon ciwo. Yau kuwa ranar komawa asibiti ce, wurin likitar da ta gano shatar duka a bayan 'yar ƙanen nata bara, aka yi ta bincike har aka ɗauke ta daga gidan da ake riƙonta, aka damƙa wa Goggo. In likita ta ga sabbin tabo fa? Sai dai a raba su, kuma Goggo ta san ba za ta iya ba.

Likitar nan ba a yi mata wayo. Da suka shiga, ta leƙa bayan kunnuwan yarinyar, ta duba wuya, ta ɗaga leɓe da ɗan katako, ta shafa baya da haƙarƙari a hankali. Sannan ta ce a naɗe wando.

Goggo ta yi farat ta sa baki.

"Likita, wallahi ban taɓa..."

"Goggo, ɗan ba mu wuri. Haka nake yi wa kowa."

Goggo ta koma bayan labule, ta kasa kunne har tana neman faɗowa ciki. Ta ji likita na tambaya, "Wannan fa, me ya faru?"

Yarinyar da bara ko sunanta ba ta iya faɗi sai ga baki ya buɗe kamar rediyo. Wannan keken ɗan maƙwabta ne, birki babu. Wannan tsere ne, kuma ita ta ci. Na gwiwa kuwa kaza ta bi, kazar ta yi kwana, ita ba ta yi ba.

Likita ta tuntsire da dariya, ta ja labule.

"Goggo, zo ki gani. Duka a baya yake sauka, da kunne, da cinya, inda faɗuwa ba ta cika kaiwa ba. Duk na duba, fes suke. Waɗannan na gaban ƙafa ne, kuma kowanne ya dace da labarinsa. Bara ƙwaurin nan sumul yake, don ba ta wasa. Ni yau na ga abin da nake jira."

"Ke nan ba za a karɓe ta ba?"

"A kai ta ina? A dai gyara birkin keken."

Daɗi ya kama Goggo. Ta zauna daɓas a kan kujera tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

Yarinyar ta diro daga gadon, ta ja hannunta.

"Goggo, tashi mu tafi gidanmu, ana jirana a wasa."

Goggo ba ta taɓa jin ta ce gidanmu ba sai yau. Ta miƙe.