Makullin Ƙafar Gaba

"Ƙarfen da ke tunani da kansa ya fi hannun mutum sau dubu," in ji Injiniya, yana tsaye da farin takalmi a bakin garejin. "Duniya ta wuce nan tun tuni. Ku ne dai ba a aiko muku da labari ba."

Bakanike yana tsugune gaban a-kori-kurar maƙwabcinsa, Baba Safiyo, da sifana a hannu. Bai ɗago ba. Injiniya ɗan Baba Safiyo ne, ya zo hutun kwana uku daga birni, kuma digirinsa na haɗa wayoyin sadarwa ne, abin da ya ba shi ikon yin magana a kan kowane ƙarfe a duniya.

Motar mai jan ƙafa huɗu ce. A kan kowace tayar gaba akwai makulli da ake murɗawa da hannu kafin a shiga laka, in ba haka ba ƙafafun baya kaɗai za su yi ta wahala. Shekara ashirin da bakwai Baba Safiyo yana alfahari cewa bai taɓa kafewa ba. Gaskiya ne. Abin da ba ya faɗa shi ne Inna, matarsa, ita ce ke tattare zani ta sauka ta murɗa, shi yana zaune yana ba da umarni ta taga. Wannan ne Injiniya ya gani ya ji kunya, ya sayo sabbin makullai masu kama kansu.

"Ɗana, waɗannan suna da hali," Bakanike ya ce. "In mota ta kafe aka yi gaba aka yi ribas, saki suke yi."

"Malam, ɗaura kawai. Kun saba da wahala har kuna kishinta."

Baba Safiyo yana kan benci da bargo a kafaɗa, ƙafafunsa sun kumbura, yana jan numfashi kamar mai hawan tudu. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ɗaura masa, Oga Sifana. Ai ka san mai boko, ko ruwa ya ba ka sai ya yi maka bayaninsa."

Bakanike ya ɗaura. Ya faɗa sau ɗaya, kuma a ganinsa wanda bai ji bari ba, ba a bin sa da kuwwa.

Injiniya ya koma birni ran Lahadi. Ran Laraba da hantsi, bayan ruwan da aka kwana ana yi, Inna ta shigo garejin babu mayafi.

"Zo. Maigidan ya faɗi a bakin banɗaki."

Su biyu suka ciccibe shi zuwa motar tasa don su kai shi asibiti. Unguwar tana bayan gari, kuma tsakaninta da kwalta akwai kwari ɗaya da ruwa ke kwanciya. Bakanike ya sa giyar ƙafa huɗu tun daga nesa, ya shiga da ƙarfinsa. Motar ta ci rabin kwarin, ta yi gurnani, ta tsaya. Ya yi ribas kaɗan don ya samu gudu. Ya dawo gaba. Sai ya ji ƙarar da yake tsoro, ƙat-ƙat-ƙat, kamar kare na tauna ƙashi. Tayoyin baya suna feshin laka, na gaba sun yi tsit kamar baƙi a gidan.

Ya sake. Ya sake. Ya duba agogo, ya duba hanya, ya daki sitiyari. Ya kira mai tarakta, aka ce yana gona. Ya sake kira.

Baba Safiyo ya buɗe ido. Kansa na kan kafaɗar Inna.

"Ke, me kike jira? Sauka ki murɗa."

Kafin Bakanike ya buɗe baki ta riga ta sauka. Lakar ta kai mata gwiwa. Ta dafa motar ta zagaya wajen tayar gaba, ta sunkuya, ta kai hannu inda ta saba kai shi. Murfi ne sumul, babu abin kamawa. Ta shafa shi, ta sake shafawa, yatsunta suna neman gurbin da babu. Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta zagaya ɗaya tayar, ta yi haka nan.

Da ta dawo ta zauna, ta mayar da kansa kafaɗarta.

"Na murɗa."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

"To. Oga Sifana, ja mu je. Kada ka zubar min da mutunci."

Bakanike ya taka mai, don dai tsohon ya ji injin yana aiki. Taraktar ta iso bayan awa biyu. A lokacin Inna ta riga ta rufe masa ido, ta ce a juya gida kawai.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Injiniya ya iso idanunsa jajur, bai ci komai ba tun jiya, yana ta kai da komo tsakanin masu gaisuwa. Kowa ya tambayi yadda abin ya faru, amsarsa ɗaya.

"Kayan sabbi ne fil, a kwalinsu na kawo. Ɗaurin ne. Kuskurena da na ba bakaniken unguwa."

Kawuna suka juya. Bakanike yana can ƙarshen tabarma. Maganar da ya yi ran nan tana bakinsa, kalma bayan kalma, kuma mai shaida ɗaya da ya ji ta an binne shi da safe. Ya dubi jajayen idanun Injiniya. Ya haɗiye maganar.

"Allah ya jiƙansa," ya ce.

Mai kantin magani, wanda motarsa ke garejin tun Litinin, ya matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Oga, ba wani abu ba ne. Kawai dai motar nan, bar ta haka, ƙanena zai zo ya ɗauka."

Bakanike ya laluba aljihu, ya zare makullin motar daga cikin sauran, ya ajiye masa a kan tabarma.