Kunnen Mai Inji

Shekara goma sha tara Inna ta yi tana tsaye a bakin injin niƙa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ko ɗigon auduga a kunnenta. Ba wai ba a faɗa mata ba ne. Bakaniken da ya kafa mata injin ya faɗa tun ranar farko, Baba ya faɗa kafin Allah ya karɓi abinsa, ni kuwa na faɗa har bakina ya gaji. Amsarta ɗaya ce kullum.

"In na toshe kunne, da me zan yi niƙan?"

Ta wani gefen tana da gaskiya, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. A cikin injin akwai faifan ƙarfe biyu masu haƙora, mu dai dutse muke ce musu, su ne ke murƙushe hatsi. A gefe kuma akwai wani noti da ake ɗaurewa ko a sassauta. In aka ɗaure da yawa sai dutse ya ci dutse, gari ya fito da ƙauri da baƙin ƙarfe. In aka sassauta da yawa, tsaki za a miƙa wa mutane. Inna ta ce akwai wani siririn kuka can ƙarƙashin rugugin injin, in ya zauna daidai to garin ma ya zauna. Shi take saurare, ta ɗan karkata kai, ta murɗa notin kaɗan, gari ya zubo da laushin da ko tankaɗe ba ya bukata.

Ni ce autarta, kuma na tashi na ga abin da injin nan ya yi mana. Da can ɗaki ɗaya gare mu, na jinka, in damina ta sauka sai mu yi ta jan tabarma muna gudun yoyo. Injin ne ya yi mana rufin kwano, ya shafe tsakar gida da siminti, ya haƙa mana rijiya, ya kai ni da yayyena makaranta. Matan ƙauyen kuma suka huta da tafiyar rabin yini zuwa garin kasuwa da buhu a ka. Har sunanta ya ɓace, babba da yaro Mai Inji suke ce mata.

Abin a hankali ya fara. Rediyonta ya koma sai maƙwabta sun ji labarai ko ba su so. A yi ta sallama a ƙofar gida tana zaune ba ta ko motsa ba, har aka fara tsegumin wai Mai Inji ta samu duniya, ta daina amsa sallamar talaka. In kana mata magana sai ta kafa wa bakinka ido. Ni da nake aure gida uku tsakaninmu, kullum ina hanya, kullum muna faɗa a kan maganar. Ta ce lafiyarta ƙalau, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana.

Ranar da na daina lallashi, muna dawowa ne daga gaisuwar rashin lafiya, tana gabana a kan hanya. Wata motar kaya ta taho ta bayanmu tana ta danna ham. Kowa ya kauce, Inna tana tafiyarta a tsakiyar hanya. Da ƙyar direban ya taka birki, gaban motar ya kusa taɓa mayafinta. Ta waiwayo tana mamakin me ya sa kowa yake salati. Washegari kuwa ban nemi shawararta ba, na sa ta a gaba sai asibitin garin kasuwa.

Malamar asibitin ta leƙa kunnuwan da 'yar fitila, ta zaga bayan Inna ta yi ta kiran lambobi, da ƙarfi, da raɗa, ta nan, ta can. Da ta gama sai ta dube ni.

"Na hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama saura kaɗan. In Mama ta ci gaba da tsayuwa a bakin inji, shi ma ba zai wuce shekara ɗaya ko biyu ba."

"Me ta ce?" in ji Inna.

A hanya na faɗa mata, da ihu, masu wucewa suna kallonmu. Muna isa gida ta ajiye mayafi ta nufi rumfar injin, don an riga an jera mata kwanuka.

Wannan ɗan ragowar na kunnen dama shi na ɗaura wa ɗamara. Na sa yayyena suka yi mata magana ta waya, ba ta ji su ba. Na kai ƙara wurin Kawu, ta ba shi ruwa ya sha ya tafi. Da na ga ta kafe kai da fata, sai na sace hannun ƙarfen da ake murɗa injin da shi a tayar, na ɓoye shi a cikin rumbun mijina.

"Auta, ba ni hannun nan."

"Ba zan bayar ba!"

"To mutanen nan ɗanyen hatsi za su tauna? Ko ke za ki ɗauke su ki kai su kasuwa a bayanki?"

"Ni zan yi niƙan!"

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi wata 'yar dariya da ban ji daɗinta ba.

"Ke? Da wannan zuciyar taki? Inji ba ya jin faɗa fa."

Kwana biyu injin yana kwance, sannan ta sauko. Muka yi yarjejeniya: ni ce a rumfa, ita kuwa tana can ƙuryar gida ƙarƙashin bishiya, ba ta zuwa kusa muddin injin yana aiki. Ta nuna mini wurin zuba mai da ruwa da yadda ake ɗora bel ɗin da ke juya dutsen, abubuwan da dama na sani tun ina 'yar mitsitsiya. Na cusa auduga a kunnuwa biyu na ɗaure ɗankwali a kai tamau.

Ranar farko tsaki na ba mutane. Mata uku suka dawo da kwanukansu, na sake niƙa musu ina haɗiye fushi. Rana ta biyu na ce bari in ɗaure notin sosai, sai na ƙona wa Gwaggo masararta. Gwaggo ƙanwar Baba ce, kuma ba ta iya ɓoye magana ba. Ta shinshina garin ta yamutsa fuska.

"'Yar nan, wannan gari ne ko toka? Shekara goma sha tara uwarki ba ta taɓa ba ni irin wannan ba."

Na yi ta tara hannu ina murza garin yadda na ga wasu masu inji suna yi, amma kafin in gane ya ɓaci, rabin kwano ya riga ya zube. Rana ta huɗu layin kwanuka ya ragu da rabi. Da hantsi na hango mata biyu sun ɗora buhu a ka sun kama hanyar garin kasuwa, ɗaya da goyo. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji kunya. Na san in abin ya ci gaba haka, Inna za ta dawo rumfar ko da tsiya, kuma ba ni da bakin hana ta.

Sai na ɗaga gefen ɗankwali na zare audugar kunnen dama. Na ce wa kaina minti ɗaya ne kawai.

Ƙarar ta doke ni har cikin haƙora. Na daure na karkata kai, na yi ta nema, can kuwa sai ga shi, siriri, yana tashi yana sauka. Na murɗa notin kaɗan, ya zauna. Garin da ya zubo a hannuna irin na Inna ne sak. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa, kuma a take na gane abin da ya riƙe ta duk shekarun nan. Na gama wannan kwanon na ɗauko na biyu, audugar tana ƙasa cikin ƙurar gari, na ma manta da ita.

Ban ji shigowarta ba. Hannu kawai na gani ya wuce ta gefena ya kashe injin. Rumfar ta yi tsit, kunnena yana ta ƙugi. Inna tana tsaye tana kallon audugar da ke ƙasa, kuma tunda nake ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Tun daga can na ga gari ya gyaru a kwanon da aka fita da shi," ta ce. "Na san abin da kika yi."

"To ya kike so in yi?" Na ɗaga murya yadda na saba. "Ke kika ce da kunne ake yi! Mutane suna guduwa!"

Ta kwance bakin zaninta ta ciro sabuwar auduga, ta kama haɓata kamar ina 'yar shekara biyar, ta cusa mini ita, ta gyara ɗankwalin. Ta murɗa injin da kanta ya tashi, ta zuba dawa. Sannan ta kama hannuna na hagu ta ɗora tafin a kan murfin dutsen, dab da notin, ta danne da nata. Da ɗaya hannun ta ɗaure notin. Ƙarfen ya shiga cizon tafina da sauri da sauri. Ta sassauta, sai ya koma girgiza sako-sako. Ta dawo da shi a hankali, a hankali, har ya zama wata 'yar rawa mai santsi da ba ta yankewa. Ta dube ni ta gyaɗa kai. Sau biyar muka yi, a na shida ta janye hannunta ta bar ni na nemo da kaina, kuma na samo.

Ta kashe injin. Na zare auduga ɗaya don in ji ta.

"Wannan kukan da kike nema, shekara uku ke nan rabona da jinsa," ta ce. "Shi ya fara tafiya. Da hannu nake yi."

Na zauna a kan buhu.

"Shekara uku? To me ya hana ki sa auduga tun lokacin? Da ba a kai haka ba!"

"Matan nan kunnena suke kawo wa hatsi, Auta. Kowa ya san Mai Inji da kunne take niƙa. Na ji tsoron ranar da suka ga auduga za su ce na ƙare." Ta kakkaɓe gari daga zaninta. "Wauta ce. Na sani. Ba sai kin faɗa ba."

Da kuwa na buɗe baki zan faɗa ɗin. Na rufe.

Daga waje Gwaggo ta leƙo tana tambaya ko an tashi ne su kama gabansu. Na ɗaga mata hannu ta jira. Inna ba ta ma san an yi magana ba. Ta zauna kusa da ni a kan buhun, tana kallon hannuwanta.

"Ba injin ne ya fi damuna ba," ta ce. "Yanzu ba na jin mutum sai ya yi ihu. Ke kuma in kina ihu, fuskar nan taki duk faɗa ce. Jiya na zauna ƙarƙashin bishiya ina ta ƙoƙarin tuno yadda muryarki take in ba ki cikin fushi. Na kasa."

Shekara nawa ina yi mata ihu, ina ganin taimakonta nake yi. Hawaye suka zubo mini, suka yi hanya a cikin garin da ke fuskata.

Na kamo hannunta, mai kaushi, mai ɗumin ƙarfe har yanzu, na ɗora tafin a maƙogwarona na danne da nawa. Na ce, a hankali, yadda rabona da in faɗa tun ina yarinya:

"Inna. Sannu da aiki."

Ta rufe ido ta ɗan karkata kai.

"Sake faɗa," ta ce.