Laburare Mai Lamba Biyar

'Yan tashar Tambuwal kan ce Malam Gidaɗo mai buga takardu ya fi kwamfutarsa taurin kai. Shekara da shekaru bai yarda an sabunta mata komai ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, sai maƙwabcinsa Jumare, wanda ya koyi aikin a hannunsa, ya riƙe shagon. Firinta ta ƙi aiki, ya sabunta kwamfutar gaba ɗaya. Firinta ta tashi. Bai faɗa wa kowa ba.

Ran Laraba Lauratu, 'yar Malam, ta leƙo.

"Baba Jumare, karatun Inna Malam yaka son ji. Ya ce a sa mashi ga waya."

Karatun da marigayiya matar Malam ke yi wa matan unguwa ne, kuma tsohuwar manhajar da aka ɗauke shi da ita kaɗai ke buɗe shi. Jumare ya danna. Manhajar ta ce ba ta ga laburarenta ba, wato ɗan fayil ɗin da manhajoji ke tarayya a kansa. Ita mai lamba biyar ta sani, sabuntawa kuwa shida ta kawo. Ya nemo biyar ya sa, sauran manhajojin suka tsaya cak. Ya cire. Ya laƙaba wa shida sunan biyar, manhajar ta buɗe ta rufe.

"Gobe, in sha Allahu," ya ce wa Lauratu. Washegari ma haka ya ce.

Ran Asabar ya hau babur zuwa Kebbe, wurin Na'iya mai irin tsohuwar kwamfutar.

"Kai ma dai, wa ka taɓa kayan Gidaɗo?" in ji Na'iya, yana kwafa masa fayilolin tsohuwar manhajar. "Ware mata ɗakinta daban. Kar ka haɗa su tukunya guda."

Bayan azahar ya dawo shagon, ƙugu duk ya sage. Ya ware wa manhajar wurinta daban da laburarenta mai lamba biyar. Muryar marigayiya ta fito, har da kukan akuya a bayanta. Ya juye a waya ya nufi gida.

Tabarmi ya tarar a ƙofar gidan Malam, maza zaune shiru. Lauratu na bakin zaure.

"Ya ce a gaya maka ka bar wahala," ta ce. "Wai kwamfutar tsufa ta yi, awa shi."

Jumare ya cire takalmi ya shiga. An riga an sa likkafani. Ya durƙusa daga wajen kai, wayar na hannunsa.

"Ba tsufa ba ne, Malam. Ni na taɓa ta. Ka yafe mani."