Tajuddeen da Baburan Gwaji Biyu

Shekara tara Tajuddeen ya yi yana yi wa shanu allurar rigakafi a rugagen da ke tsakanin Tsafe da Bungudu, kuma duk a kan wani tsohon babur da sai an tura shi yake tashi in ya sha raɓa. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a wata ƙungiya mai ofis a Gusau. Su goma sha biyu ne masu shiga daji.

Wata Litinin cikin watan Satumba, shugabarsu Hajiya Wasila ta kira shi bayan ofis. Babura biyu ya tarar a tsaye ƙarƙashin dalbejiya, ko ledar kujerunsu ba a yage ba. Irin manyan nan ne na masu doguwar tafiya, dogaye, tayoyinsu da manyan haƙora. Ɗaya baƙi, ɗaya fari.

"Dillalin ya ba mu aronsu kwana uku," in ji ta. "Wanda ka zaɓa shi za a sayo muku ku duka. Kai ka fi kowa daɗewa a hanya, Malam Tajuddeen, don haka kai za ka faɗa."

Tajuddeen ya dubi baburan. Da shi kaɗai zai hau, da da sauƙi. Amma mutum goma sha ɗaya, kowanne da iyalinsa, za su shiga daji a kan abin da bakinsa ya furta.

Ya zagaya su a hankali. Baƙin ƙato ne, injinsa silinda biyu, tankinsa yana shan sama da lita ashirin, ga gilashin tare iska, ga akwatunan ƙarfe hagu da dama. Da ya hau, yatsun ƙafarsa kawai ke taɓa ƙasa. Farin kuwa siriri ne, silinda ɗaya, tankin lita goma sha biyu, kujerarsa da tauri kamar benci. Mahadi, abokin aikinsa mai zuwa yankin Wanke, tuni ya rungume tankin baƙin.

"Wanga ai ba sai an gwada ba," ya ce yana dariya. "In ka murɗa shi, wa zai kamo ka?"

Da yamma Tajuddeen ya ba matarsa Sa'adiya labari, yana ta lissafa mata ƙarfin inji da girman tanki. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba sai da ya gama.

"Baban Jamila, ni duk ban san waɗannan ba. Wanne ne mutanen daji ba za su yi sha'awa ba?"

Ya san 'yan bindiga take nufi.

Ranar Talata ya fara da baƙin. Ya ɗaura kular allurai cike da ƙanƙara, ya kama hanyar Tsafe, zai je rugar wani makiyayi mai suna Hamidu da ke gaba da 'Yankuzo. A kan kwalta kam babur ɗin ba shi da na biyu. Ramukan da tsohon mashin ɗinsa ke jijjiga masa hanji a cikinsu, wannan haɗiye su yake yi kamar babu. Ya wuce tirela biyu bai ko sauya giya ba. Har ya fara tunanin Mahadi ya yi gaskiya.

A shingen bincike kafin Tsafe aka tsayar da shi. Jami'in ya duba katin aikinsa, ya duba takardun babur, ya sa aka buɗe akwatunan, aka buɗe kula. Ba da faɗa ba, amma ya ɗauki lokaci, rana kuma tana dukan ƙanƙarar. Da zai miƙa masa takardun sai ya rage murya.

"Malam, irin wannan mashin ɗin in ka shiga daji da shi, ko mu ɗauke ka nasu ne, ko su ɗauke ka saboda shi. Ka kula."

Da ya bar kwalta ya shiga burji, dawa ta rufe hanya ta kowane gefe, ta fi mutum tsayi. Ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka zo kansa. A nan ya fara jin ƙarar injin sosai, wani irin ƙugi mai kauri da ke shiga cikin gonaki ya dawo. Yana shan kwana ya shigo wani ɗan ƙauye da ya saba tsayawa shan ruwa, sai ya ga mata suna gudu, wata da goyo a hannu ko zani ba ta ɗaura ba, sun faɗa cikin dawa. An bar tukunya a kan wuta. An bar turmi da taɓarya a ciki. Wani tsoho kawai ya rage a kan tabarma, wanda ƙafafunsa ba su iya gudu, ya ɗaga hannuwa sama yana salati.

Tajuddeen ya kashe babur ya cire hular kwano da sauri.

"Baba, ni ne! Likitan shanu ne!"

Tsohon ya sauke hannuwansa a hankali.

"Likita, mi muka yi maka? Wanga abu da ka hawo, mun ɗauka su ne sun dawo."

Sai da aka yi kusan rabin awa ana kira kafin mutane su fara fitowa daga gona ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya zage shi. Wata mata ma ta kawo masa ruwa. Ya sha ne kawai don kada ya ƙara mata wani ɓacin ran.

Saura kaɗan ya isa rugar akwai wani rafi da ruwansa ya janye ya bar yashi mai laushi. Ya sha tsallaka shi. Yana shiga tsakiya tayar gaba ta nutse, kan babur ya murɗe, ya miƙa ƙafa bai sami ƙasa ba. Suka zube tare. Ya zare ƙafarsa da ƙyar, ya kama babur zai ɗaga. Ko motsi. Ya juya masa baya ya tura da dukkan ƙarfinsa har idanunsa suka yi duhu. Ya kwance akwatunan ya sake gwadawa. Babur ya ɗan taso, ya koma. Ya duba waya, babu sabis.

Yana tsaye yana haki sai ya jiyo ƙarar babura daga gabas. Ba ɗaya ba.

Bai san lokacin da ya suri kular ya haye gaɓa ya kutsa cikin dawa ba. Ya kwanta rub da ciki, ganye na yankar masa wuya. Baburan suka tsaya a rafin. Ya ji ana magana ƙasa-ƙasa, ya ji an ƙwanƙwasa tanki. Ya tuna ya bar sawunsa a yashi, shar, har inda yake kwance. Ya fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa.

"Likita! Likita, kana ina?"

Muryar Hamidu ce. Ya ga rana ta take likita bai iso ba, shi ne ya ɗebo ƙannensa biyu suka biyo hanya.

Su huɗu suka haɗu kafin baƙin ya miƙe. A rugar, da ya buɗe kula, ƙanƙarar ta kusa zama ruwa. Ya yi wa shanun da ya samu yi, sauran kwalaben ya ware su don ba zai sa wa dabbar mutum abin da ba ya da tabbas a kansa ba. Da zai tafi Hamidu ya raka shi har bakin hanya.

"Likita, kai namu ne, shi ya sa zan hwaɗa maka. Kada ka sake zo muna da wanga. In labarinai ya shiga daji, mu za a zo a tambaya inda yake kwana."

Ranar Laraba ya ɗauki farin ya nufi Bungudu. A kan kwalta ya raina shi. Da ya ƙara wuta sai hannuwansa su ɗauki zirr, kowace babbar mota ta wuce sai iskarta ta ture shi gefe, kujerar kuma kafin ya isa gari ta gama da ƙugunsa. Amma da ya sauka burji sai babur ya zama wani abu daban. Yana bin 'yar hanyar ƙafa tsakanin kunyoyi kamar akuya. Ƙararsa ba ta bambanta da ta 'yan acaɓa ba, mutanen da ke gona suka riƙa ɗago hannu suna gaishe shi. A wata fadama ya zame cikin taɓo ya faɗi. Ya tashi, ya kama shi, ya ɗaga shi kaɗai, ya tsaya yana dariyar da shi kansa bai san dalilinta ba.

Ya gama ruga uku kafin azahar. Yana shirin komawa sai Inna Safiya, mai kai nono kasuwa, ta tare shi.

"Ɗana, kada ka bi ta gindin dutse. An ga baƙin fuska can da hantsi. Ka zagaya ta yamma."

Zagayen ya ninka hanyar. Bai yi rabi ba fitilar mai ta kama. A kwanakin nan kuwa ba a sayar da fetur a ƙauyuka, an hana don kada ya kai hannun 'yan bindiga. Ya rage gudu. In ya zo gangara sai ya kashe inji ya bar babur ya gangara da kansa, yana jin ƙarar sarƙa kawai da numfashinsa. Kowace inuwa a bakin dawa sai ya ga kamar mutum ne a tsugune. La'asar ta wuce, rana ta fara ja. Yana hango dogon ƙarfen sabis na Bungudu injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Ya sauka ya tura. Gumi ya jiƙa masa riga, cinyoyinsa na zafi, bai yarda ya waiwaya ba don ya san in ya waiwaya sau ɗaya zai yar da babur ya ruga. Ana kiran magariba ya shigo gari yana turawa.

Ranar Alhamis suka taru a ofis. Mahadi bai jira an tambaye shi ba.

"Ka gani ko? Da baƙin ne da mai bai ƙare maka ba."

"Haka ne," in ji Tajuddeen. "Kuma da baƙin ne ya mutu a wurin nan, da ban iya tura shi taku goma ba."

Hajiya Wasila ta ajiye biro. "To wanne ke nan?"

Tajuddeen ya gyara zama. Ya so a ce akwai wanda zai nuna ya ce wannan zai dawo da kowa gida lafiya. Babu.

"Farin, Hajiya. Ba don ya fi ba. Baƙin ya fi shi gudu, ya fi shi daɗin zama, ya fi shi tanki. Amma mu kaɗai muke tafiya, kuma gidajen mutane muke shiga. Sai dai a yi wa kowanne mazaunin galan a baya, a kuma samo mana takardar izinin ɗaukar man, kada a kama mu a shinge a ce kai musu muke yi."

Ta rubuta. Mahadi ya yi tsaki ya fita, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsa da kyau.

Bayan an yi girbi baburan suka iso, farare guda goma sha biyu. Tun daga lokacin Tajuddeen ya ɗauki wata ɗabi'a. In ya dawo daga nasa aikin ba ya wucewa gida, sai ya zauna a bencin maigadi har kowa ya shigo.

Wata ranar kowa ya dawo ban da Mahadi. Ƙarfe biyar ta yi, biyar da rabi, wayarsa ba ta shiga. Tajuddeen ya fita titi ya dawo ya fi sau goma. Yana tunanin da wane baki zai je gidan Mahadi sai ga shi ya shigo a hankali, ƙafafun wandonsa duk ƙaya, da zabi biyu a ɗaure a baya.

"Faci na yi wajen Wanke," ya ce. "Mai rugar ya ce ba zan tahi hannu sake ba. Ɗauki ɗaya ka kai wa Sa'adiya."

Tajuddeen ya karɓi zabuwar, yana jin zuciyarta na bugawa a tafin hannunsa. Sai ya miƙa wa maigadi ita ya riƙe masa, ya ɗauki buta ya zagaya baya don kada a ga hawayensa.