Kyauta Uku a Ɗakin Agogo Nankhoma

Lusungu ta zube fil guda biyar a kan teburin mai shago, ta kawo ɗan maganaɗisun kusa da su. Tun bai taɓa su ba suka yi tsalle suka manne a jikinsa.

"Kin gani ko?" in ji mai shagon. "Ko a cikin yashi suka faɗa zai zaƙulo miki su. Me za a ƙara, maman yarinya?"

Ta gyara goyon 'yarta Temwa, ta nuna 'yar matashiyar allura mai roba, irin wadda ake ɗaurawa a wuyan hannu. Sannan ta ɗauki ɗan ƙarfen farke ɗinki mai murfi. Murfin ta fi duba. Ta cire, ta mayar, ta ja shi da haƙori ta ji bai fita da sauƙi ba, sannan ta ce a naɗe mata kowanne daban.

Wata huɗu ke nan da ta baro garinsu Rumphi, can arewacin ƙasarsu, ta biyo mijinta Zomba a kudu, inda ya samu aikin gadi. Duk inda ta nemi aiki, sai a dubi bayanta a ce ta fara samun mai riƙe mata 'ya. Agogo Nankhoma ce kaɗai (agogo a yarensu kaka ke nan), tsohuwar da ke ɗinka barguna da ƙyallayen atamfa a ɗakin bayan gidanta, ta ce, "Wacece a cikinmu ba a goye aka kawo ta ba?" Ta ba ta keken ɗinkin da ke bakin taga, ta shimfiɗa wa yarinyar tabarma a gefensa.

Lokacin Temwa zama kawai ta iya. Yanzu rarrafe take kamar an biyo ta. Ranar Litinin Lusungu ta ga tana mamular baki, ta zura yatsa, ta ciro fil. Ba wanda ya gani. Ta soke shi a bakin zanenta, ta ƙarasa aikin ranar.

Kwana biyu tana neman yadda za ta faɗa wa matan da suke ɗinki tare. Abiti Saidi a baki take tara fil, in magana ta zo mata sai ta furzar da su a tabarma. Esinati da ɓarin reza take farke ɗinki, ta ajiye shi duk inda hannunta ya kai. Agogo kuwa ido ya yi rauni, allura in ta suɓuce mata sai dai ta ɗauki wata. To wa za ka kalla a cikinsu ka ce ya gyara? Mafi ƙanƙantarsu ta haife ta. Shi ya sa ta yanke shawarar ta bar kyauta ta yi mata magana.

Ta same su sun baje babban bargo a ƙasa, suna jera auduga a tsakiya. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kwance ƙullinta.

"Agogo, ga wannan. Ba yawa."

Ta miƙa wa tsohuwar maganaɗisu da hannu biyu, ta ba Abiti 'yar matashiyar, ta ba Esinati ƙarfen farka.

Agogo ta juya abin a tafinta, ta daɗe tana kallonsa. Abiti ta cire fil daga bakinta ɗaya ɗaya, idonta ya kawo ruwa.

"Allah sarki, 'yata," ta ce, ta jawo Lusungu ta rungume har da goyon. "Allah Ya sa alheri ne."

"Amin, Mayi, uwata. Ai ɗan abu ne."

"Ka ji ta, wai ɗan abu," in ji Esinati, tana share hanci da gefen ɗankwali. "'Yar arewa ba ki da kirki. Jiya fa muka ci rogo tare, ko a fuska ba ki nuna ba."

Lusungu ta yi murmushi don ba ta san me kuma za ta yi ba. Ta ce a ranta, mutanen kudu da iya godiya. A garinsu in ka ba mutum abu irin wannan, ya ce madalla, shi ke nan.

Ta nufi kekenta za ta zauna, Agogo ta ɗaga hannu.

"Yau ba ki da aiki. Zauna can ki huta."

"Agogo, ban gama bargon jiya ba. Saura gefe biyu."

"Abiti za ta ƙarasa."

"Na yi kuskure ne a ciki?"

"Wa ya ce kin yi kuskure? Zauna, na ce."

Ta zauna a kan benci, Temwa a cinyarta tana ƙoƙarin sauka. Sai ta ga an naɗe babban bargon da ake sauri a kansa an jingine a bango. Kowacce ta jawo buhun ƙyallayenta tana tonawa. Ba tarkacen da ake cusawa a gefe suke fitarwa ba, masu kyau ne, waɗanda kowa ke ɓoyo. Agogo ta buɗe akwatin ƙarfe da Lusungu ba ta taɓa ganin an buɗe ba, ta ciro wani shuɗin ƙyalle mai zanen kifi, ta kara shi a jikin Temwa tana auna tsawonta.

"Wa ya ba da aikin bargon jariri?" Lusungu ta tambaya.

Abiti ta fashe da kuka.

Daga nan Lusungu ta kama bakinta. Ta bi kanta da tambayoyi. Ko an yi rasuwa ba ta ji ba? Ko ranar haihuwar wata ce? Ko dai wani abu suka gani a jikin yarinyar? Ta taɓa goshin Temwa, ta duba idonta, ta buɗe bakinta. Lafiya lau, sai ma cizo da ta samu.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta ji kukan kaza a tsakar gida, ya yanke. A wata huɗun nan ba ta taɓa ganin an ci abin da ya wuce tuwon masara da ƙananan kifi a gidan ba. Tana cikin wannan sai ta jiyo muryar Agogo ta taga, tana waya da ƙarfi irin na tsofaffi.

"Eh, ki gaya wa Felesiya ta shirya. Keken bakin taga. Ranar Litinin ta zo da sassafe."

Lusungu ta juya ta kalli kekenta. Keken bakin taga guda ɗaya ne.

Ta saɓi yarinyar ta zagaya bayan ɗaki, inda Esinati ta tsuguna tana figar kaza a ruwan zafi.

"Yaya Esinati, don Allah me na yi?"

"Me kika yi kamar yaya?"

"Na ji Agogo tana ba da kekena."

"To da kai za ki tafi da shi? Jikar ƙanwarta shekara guda tana jiran gurbi."

"In tafi ina?"

Esinati ta ɗago, gashin kaza manne a goshinta. "Ai mu ba ma tambaya. Sai an ci abinci ke da kanki ki faɗa. Ni dai na ce wa Abiti mijinki aka mayar arewa."

"Ba inda aka mayar da shi. Ba inda za ni!"

"Ke, kar ki maida ni sakarai. To kayan sallamar fa?"

"Wace sallama?"

Esinati ta saki kazar a cikin ruwa. Ta kalle ta sama da ƙasa, ta dafe kai da jiƙaƙƙun hannuwa.

"Na shiga uku. Ba wanda ya gaya miki? A ɗakin nan ba a ba da kayan aiki kyauta. Gishiri, sabulu, zane, duk ki bayar. Amma duk wadda ta raba kayan ɗinki, ta ce a zauna lafiya ke nan. Tun zamanin uwar Agogo haka ake. Almakashin da nake yanka da shi, na wata ce da ta koma Mangochi. Mu kuma mu ɗinka mata abin tunawa, a yanka kaza, ta tafi da albarka."

"Ni ina zan sani? Ba wadda ta tafi tun zuwana."

"Shi ne za ki fara da kanki." Esinati ta soma dariya, ta ga fuskar Lusungu, ta haɗiye. "To tsaya. In ba tafiya za ki yi ba, me ya kai ki? Ba Kirsimeti ba, ba suna ba, ranar Alhamis tsagwaronta?"

Lusungu ta sunkuyar da kai.

"Shi ke nan, riƙe sirrinki. Ga dabara. In an zo ci, ki ce da an ce za a mayar da maigidan, yanzu ya bugo waya an fasa. Agogo za ta yi faɗa, ta huce. Amma kar ki ce ba ki san al'ada ba kika sa ta yanka kazarta mai ƙwai a banza, ta kuma yi wa ƙanwarta alkawari. Tsohuwar nan ta fi son a cuce ta da a ba ta kunya."

Lusungu ta koma benci tana juya maganar. Ƙaryar mai sauƙi ce, ta ma haddace ta. Sai dai tana zaune tana kallo, Abiti ta ajiye 'yar matashiyar a kan taga kamar kayan ado, ta ci gaba da tara fil a baki. Ƙarfen farka yana cikin aljihun Esinati da takardarsa. Maganaɗisu kuwa Agogo ta jefa shi cikin akwatin ƙarfe ta rufe. Abin tunawa suka ɗauke su, ba abin aiki ba. In ta yi ƙarya ta zauna, ranar Litinin tabarmar nan tana nan yadda take. In ta yi shiru ta tafi, ba ta san wata ƙofa a Zomba da za ta buɗe wa mai goyo ba.

Aka kawo tuwo da miyar kaza da ganyen kabewa. Aka zuba mata cinya guda. Ƙaramin bargon an harhaɗa fuskarsa, an shimfiɗa shi a gabanta, kifin shuɗi a tsakiya. Agogo ta wanke hannu, ta yi addu'a, sannan ta ce, "To, 'yar nan. Muna jinki."

Esinati ta ƙifta mata ido.

Lusungu ta buɗe baki da niyyar ambaton waya. Sai ta ji hannunta ya tafi bakin zane. Ta zare fil ɗin, ta ajiye shi a kan murfin kwano, ya yi 'yar ƙara.

"Agogo, ku yafe mini. Ba tafiya zan yi ba, ban san al'adar ɗakin nan ba. Wannan a bakin Temwa na ciro shi ranar Litinin." Ta ɗago ta dube su. "Na kasa faɗa muku. Ku iyayena ne. Na ce in na ba Mayi Abiti wurin soka fil, na ba Yaya Esinati abin da zai maye gurbin reza, ke kuma Agogo abin tsince allura, ba sai na yi magana ba."

Esinati ta rufe ido kamar wadda aka taka wa ƙafa. Abiti ta kai hannu bakinta a hankali.

Agogo ta miƙa hannu. Ta ɗauki fil ɗin ta kawo shi dab da idonta, ta gwada tsininsa a babban yatsa. Ta kalli Temwa, wadda ta damƙi ƙashin kaza tana gwagwiya. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta buɗe akwatin ƙarfe, ta ɗauko maganaɗisu, ta dire shi a gaban Lusungu.

Abiti ta tashi ta ɗauko 'yar matashiyar ta ajiye kusa da shi. Esinati ta ciro nata daga aljihu ta ɗora.

Lusungu ta dubi kayan. Ko a garinsu ta san abin da ake nufi in aka mayar maka da kyautarka a gaban mutane. Ta jawo zanen goyo, ta fara laluben takalminta da ƙafa.

"Ina kuma za ki?" in ji Esinati.

"Ai an mayar mini."

"Wayyo ni, yarinyar nan za ta kashe ni. In mun riƙe, kin tafi. An mayar miki, kin zauna. Sai an rubuta miki a allo?"

"Esinati, miƙo mini wayata," in ji Agogo. "Ƙanwata za ta zage ni har Ista. Ku ci abinci, kazar dai ta riga ta mutu."

Lusungu ta zauna. Ya kamata ta ji daɗi, ta kuma ji, amma idonta na kan abubuwa ukun da ke gabanta. Kekenta ya dawo, kayanta ma sun dawo, kowa kuma ya koma yadda yake da safe. Temwa ta zame daga cinyarta ta nufi tabarma, ta cafko ƙafarta ta dawo da ita.

"Agogo," ta ce a hankali, "to fil ɗin fa?"

Esinati ta ajiye lomarta. "Kai, 'yar arewa akwai ƙarfin hali."

Tsohuwar ta kalle ta ta saman tabarau, wayar a kunnenta tana ƙara. Sannan ta miƙo ɗaya hannun, tafin a buɗe.

"Ara mini maganaɗisun nan naki."

Lusungu ta ɗora mata.

"Ku shaida aro ne," in ji Agogo. "Ran da yarinyar ta san abin da ake ci da wanda ba a ci, ki tuna mini in mayar miki."

Abiti ta riga ta miƙo wuyan hannunta a ɗaura mata 'yar matashiyar.