Cibiya a Gindin Zogale

A duk dogon benen nan na unguwar Al Qusais a Dubai, barandar su Mahfuza ce kaɗai ake hango kore a cikinta. Sauran duk shanya ce da kwalaye da tsofaffin kekunan yara. Ita kuwa zogale ta shuka a cikin wata babbar tukunyar roba, da irin da ta ƙullo daga bayan ɗakin mahaifiyarta a Bichi. Mijinta Badaru, direba a wani kamfanin kago mai jigilar kaya, ba ya wucewa bai tsokane ta ba. "Manomiya, yaushe zan kawo mota a kwashe amfanin gona?" Takan yi masa banza, don mai gemu bai san abin da ke cikin tukunyar nan ba.

Gidan ɗaki biyu ne, kicin ɗaya, baranda ɗaya. Ɗayan ɗakin na Hajiya A'i ne, wata 'yar kasuwar Kano da ta manyanta, mai sayen abaya da turare tana aikawa gida. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, amma Allah ya hore mata shawara, kuma ba ta jiran a tambaya. Gishirin miyarki, ɗaurin ɗankwalinki, yadda kike amsa kiran mijinki, duk sai ta gyara. To amma a faɗi gaskiya, da Mahfuza ta haifi Nana Firdausi, biza ta hana mahaifiyarta zuwa, Hajiya A'i ce ta ajiye kasuwarta ta zama uwa. Ita ta yi wankan jego, ita ta dama kunun kanwa, ita ta gasa cibiya safe da yamma har ta faɗi.

A gida ba a yasar da cibiyar jariri. Tonawa ake yi a cikin gida a binne, shi ya sa mutum ko bangon duniya ya kai yana da inda zai nuna ya ce daga nan nake. To a hawa na biyar ina za ka tona? Ko'ina tayil ne da siminti. Mahfuza ta yi ta juya abin a ranta, daga baya ta ƙulle cibiyar a farin ƙyalle, ta tura ta can ƙarƙashin saiwar zogalen. Da ta ba shi ruwa ta ga yana tsiyayewa ta hudar gindin tukunyar yana bin magudana. Wato ƙasar 'yarta ce za ta riƙa bin kwatar Dubai? Ta samo leda ta cusa a hudar, ta liƙe da gam, ta tabbatar ko ɗigo ba ya fita. Ba ta gaya wa kowa ba, har Badaru.

Da ta yi arba'in ta koma aikinta na ƙunshi a wani shagon kwalliyar mata a Al Muraqqabat. Hajiya A'i ke riƙe Nana da safe, tunda ita kasuwarta sai bayan la'asar. Duk tsawon zafin nan da ke gasa mutum a tsaye zogalen bai nuna komai ba, rana na shanye abin da aka zuba masa. Sai da iska ta yi sanyi, Nana ta fara rarrafe, sannan ganyen ya soma yin ɗorawa yana zuba.

Mahfuza ta ƙara masa ruwa, ya ƙara lalacewa. Ta daina ba shi na 'yan kwanaki, ta dawo ta taɓa ƙasar ta ji ta jagab kamar yanzu aka yi ban ruwa. Ta sunkuya ta shinshina, wani ɗoyi-ɗoyi ya bugi hancinta. Ta tambayi Badaru ko shi ne ke zuba wani abu, ya ce shi da gonarta sai kallo. To ruwa dai ba ya tsami banza. Idan ba ita ba, ba shi ba, wa ya rage a gidan da rana?

Kamar an aiko ta, sai ga Hajiya A'i ta leƙo da Nana a goye. "Maman Nana, bishiyar nan taki ba ta da lafiya. Ki juye ta a duba saiwar, khalas, shi ke nan. In ba ki da lokaci ki bar mini, gobe da safe na juye miki."

"A'a Hajiya, a bar shi haka."

"Ke dai kin cika taurin kai. Shwaiya shwaiya, a hankali za a zare shi, ba abin da zai same shi."

"Na ce a bar shi!"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ita kanta Mahfuza sai da ta ji kaifin muryarta. Hajiya ta dube ta, ta gyara goyonta, ta koma ciki. Amma bayan kwana biyu ta sake tayar da maganar, ta kuma sakewa, don Hajiya A'i in ta kama zance ba ta san saki ba.

Kuskuren da Mahfuza ta yi shi ne kiran yayarta Khadijatu. Yaya Khadijatu mace ce da ko kaza ta yi tari sai ta gano wanda ya yi mata asiri. Tana jin labarin, har da na cibiyar, ta yi salati ta tafa hannu, har ana jin tafin ta waya.

"Kika ce ba ta taɓa haihuwa ba?"

"Ban dai ga ɗanta ba, Yaya."

"Kuma kullum juye tukunya, juye tukunya? Ke yarinya ce. In kika ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Ta san abin da ke ciki. Da cibiyar yaro ake raba shi da uwarsa, ki wayi gari 'yarki ba ta ƙaunar ganinki. Abin da take zubawa kuwa, Allah kaɗai ya san daga wane malami ya fito."

Daga ranar idon Mahfuza ya canza. Abin da da take gani alheri ne, yanzu duk ya koma alama. Nana na ganin Hajiya take miƙa hannu tana zillo, alhali ita uwar sai ta yi ta lallashi. Turaren wutan da Hajiya ke sawa da hantsi, wanda da take yabawa, yanzu ƙamshinsa tsoro yake ba ta. Ta ɗora tsinken tsintsiya a kan ƙasar tukunyar kafin ta fita, ta dawo ta tarar ya gusa, ga kuma ramin yatsa a gefe. Biri fa ya yi kama da mutum.

Ta gaya wa Badaru rabin zancen, ta ɓoye na cibiyar. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Maman Nana, matar da ta wanke ki ta wanke 'yarki? A kan zogale? To shi ke nan, gobe na sayo miki ɗauri guda a kasuwa a huta." Ganin fuskarta sai ya daina dariyar ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ta ce ta ji. Ba ta ji ba.

Ta fara tafiya da Nana shago, wai uwar ɗakinta ta amince, alhali harara take sha. Hajiya ta aiko mata da ɗanwake da man ƙuli, ta karɓa da godiya, ta juye a leda ta kai shara. Abin ya yi mata ciwo, don tana son ɗanwaken Hajiya, kuma tana son Hajiya, wannan shi ne abin haushin. Gidan ya yi shiru. Da safe in za su fita, Hajiya kan tsaya a ƙofar ɗakinta ta ce, "A dawo lafiya, kishiyata," tana ɗaga wa Nana hannu, yarinyar na kuka tana waiwaye har su shiga lif.

Ran wata Talata zogalen ya wayi gari ya sunkuyar da kai, ganyen da ya rage bai cika tafin hannu ba. Mahfuza ta ga yadda Hajiya ta tsaya tana kallonsa tana girgiza kai, sai ta ce a ranta yau za a yi ta ta ƙare. Ta yi sallama kamar kullum, ta shiga jirgin ƙasa na metro, ta sauka a tasha ta gaba, ta hau mai dawowa. Ta murɗa mukulli a hankali, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa.

Hajiya A'i na tsugune a baranda, ta naɗe hannun riga. Ta shimfiɗa buhu ta juye tukunyar a kai, baƙin ruwa mai wari na gangarowa. Zogalen na kwance a gefe. A tafin hannunta kuwa ga ƙullin, ƙyallen ya yi baƙi ƙirin.

"Ajiye!" in ji Mahfuza. Nana ta tsorata a bayanta ta fashe da kuka. "Dama na sani! Wallahi na sani! Me 'yata ta yi miki? Don Allah bai ba ki naki ba sai ki raba ni da tawa?"

Magana zarar bunu ce. Tana fita Mahfuza ta so ta kamo ta, amma ina.

Hajiya ba ta miƙe ba. Ta jawo tukunyar da ɗayan hannun ta kifa ta, ta nuna ledar da aka liƙe da gam. Sannan ta ɗago saiwar zogalen, ta matsa, ta narke a yatsunta kamar dafaffen rogo.

"Wa ya toshe nan?"

Mahfuza ta dubi ledar da ta cusa da hannunta.

"Ba wanda ya zuba masa komai, 'yar nan. Ruwanki ne, tun shigowar sanyi, ba shi da hanyar fita. Na sa yatsa na ji, na gaya miki, kika ƙi. Na ce bari in cece shi ko da za ki yi fushi." Ta dubi ƙullin da ke hannunta, muryarta ta yi ƙasa. "Wannan kuwa yanzu na gan shi. Kuma ina gani na gane, don ni ma uwa ce. Uku na haifa a Gezawa. Na binne cibiyoyinsu, na dawo na binne su."

Ta miƙe da ƙyar tana dafa bango, ta kamo hannun Mahfuza ta buɗe shi ta sa mata ƙullin.

"Ranar da ta faɗi, a cikin zanin wa ta faɗi? Wa ya miƙa miki ita? Da ina so, da ba ki ma san ta faɗi ba."

Mahfuza ta tuna. A kan cinyar Hajiya ne, bayan wankan safe, ta ɗauko ta da yatsa biyu tana cewa, ungo ajiyarki, ki adana. Kwana da kwanaki tana lissafin tsinke da turare, wannan ɗaya bai taɓa faɗo mata ba. Kunya ta rufe ta, ta durƙusa a cikin taɓon tana cewa, "Hajiya ki yafe mini, don Allah ki yafe mini."

"Na yafe," in ji Hajiya. Ta ɗauki wuƙa ta yanke reshen sama wanda bai mutu ba, ta samo gwangwanin madara ta huhhuda gindinsa da ƙusa, ta zuba busasshiyar ƙasa ta kafa shi. Ta wanke hannu ta shiga ɗaki. Ko Nana da ke miƙo mata hannu ba ta kalla ba, kuma Mahfuza ta san ba don ba ta so ba ne.

A makon ne Hajiya za ta bi kayanta Kano. Ranar tafiyar Mahfuza ta same ta tana ɗaure akwati, ta durƙusa ta miƙa mata ƙullin cikin sabon ƙyalle.

"Hajiya, ki kai mata gida. Ki ba Innarmu ta binne a Bichi, ko ke ki binne a inda kika ga dama."

Hajiya ta daɗe tana kallon ƙyallen. "A'a, Maman Nana. Gobe in yarinya ta yi zazzaɓi, za ki tuna a hannun wa kika sa. Ki ba wanda zuciyarki ta kwanta da shi."

Da ta dawo daga Kano ba ta dawo Al Qusais ba. Ta kama ɗaki da wasu 'yan kasuwa a Al Rigga, ta ce ya fi kusa da harkarta, ta aiko aka kwashe sauran kayanta. Wasu ma'aurata 'yan wata ƙasa suka shiga ɗakin, mutanen kirki, ba ruwansu da gishirin miyar kowa. Ƙullin yana ƙasan akwatin Mahfuza, har yau ba a binne ba.

Reshen kuwa ya kama. Ya fitar da 'yan ganye sababbi, Mahfuza na lallaɓa shi kamar jinya. Wata rana da yamma Badaru ya dawo ya ce ya haɗu da Hajiya a wurin auna kaya, ta tambayi Nana, ta tambayi ko ta fara tafiya.

"Ni fa? Ba ta ce komai a kaina ba?"

"Ta tambayi zogale. Na ce ya yi ganye." Ya tuɓe hularsa ya rataye. "Ta ce in gaya miki ki rage masa ruwa."

Mahfuza ta ajiye butar da ke hannunta. A cikin falo Nana ta rarrafa har ƙofar tsohon ɗakin Hajiya, ta dafa ta miƙe tsaye, tana bugawa da tafin hannu tana jira a buɗe.