Fenti a Ɗakin Yaya

Auta yana tsaye kan kujera yana shafa fenti a bangon ɗakin Yaya, amma tabon ya ƙi ɓuya. Nan ne Yaya ya riƙa buga kansa bara, da ciwon ya tashi.

"Ƙara masa," in ji Mama daga bakin ƙofa. "Kada dangin amarya su shigo su sami abin faɗa."

Yaya na zaune a tsakar gida, an yi masa aski, yana kallon tafin hannunsa. Da can shi ne injiniyan da unguwa ke alfahari da shi. Tun da kansa ya taɓu, Baba ya rantse ba mai kai masa ɗa asibitin ƙwaƙwalwa a ɓata sunan gida. Aka sa wa ɗakin kwaɗo ta waje, aka ce wa mutane yana aiki a wani gari. Yanzu kuma Baba ya samo magani, wai aure. Ya nema masa 'yar abokinsa, wata mai ɗinki a bakin kasuwa.

"Auta," Yaya ya ce a hankali da ƙanin nasa ya zo wucewa, "ni likita nake so. Ka faɗa musu."

* * *

A jami'a, malamar adabi ta ba su Auta wani tsohon littafin ban tsoro, irin na farkon da aka fara rubutawa. Wani ƙaton gida ne mai duhu da fatalwa, da uba mai neman magaji ido rufe, da amaryar da aka kawo ba ta san me ke bayan ƙofofi ba. Ajin ya cika da dariya.

"Malama, wannan fatalwar ko ƙanwata ba za ta razana ba!" wani ya ce.

Auta bai yi dariya ba. Da malamar ta nuno shi, sai ya miƙe tsaye.

"Fatalwar ba komai ba ce, Malama. Abin tsoron shi ne kowa a gidan ya sani, kuma suna ta yi wa yarinyar murmushi."

"Madalla! Ka rubuta haka a jarrabawa."



* * *

Auta ya sami amaryar da za a kawo wa Yaya a shago tana taka keken ɗinki, tsinin almakashi na leƙowa daga aljihunta. Ta girme shi nesa. Ya gaishe ta, ya yi ta kame-kame, daga baya ya zazzage mata komai: kwaɗon, bangon, ranar da sai da maza suka taru kafin a danne Yaya.

Ba ta daina taka keken ba.

"Ka gama? Ai na sani. Kana zaton katangarku ba ta fitar da ihu?"

"To, Anti, me ya sa kika yarda?"

"Wa ya tambaye ni da zan yarda?" Ta ciji zare ta tsinke. "Ƙannena duk sun yi aure. A gidanmu ko tari na yi sai a ce na tsufe musu a ɗaki. Babana ya ce ya riga ya yi wa abokinsa alkawari. Kai mai karatu, faɗa min inda zan je."

Auta ya juya zai tafi.

"Je ka, Allah ya yi maka albarka. Kada ka faɗa a gida ka zo."

* * *

Aka yi biki, kowa na yaba yadda ango ya yi shiru da kunya. Baba ya cire kwaɗon da hannunsa.

Bayan 'yan makonni Auta ya dawo daga makaranta da rana tsaka. Mama na kicin ta ƙure rediyo. Daga cikin ɗaki ana jin Yaya yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa ba shi ba ne, wallahi ba shi ba ne.

Anti na zaune gaban kekenta a inuwa. Idonta na dama ya kumbura ya rufe ruf. Tana ta kai zare bakin allura, yana zamewa.

"Auta, sannu da dawowa. Zo ka zura min, rigar mutane ce, anjima za a zo karɓa."

Ya ajiye jakarsa ya durƙusa. Ya lashi bakin zaren, ya kai bakin allurar. Ta zauna tana jiransa.